Ruwan Darbejiya a Gonar Wake: Yaushe "Na Gwada" Yake Zama Hujja?

Manomi daga Taura:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Ina so in ba ku labarin abin da na gani da idona a gonata bana, domin wanda ya samu alheri bai kamata ya ɓoye shi ba. Kun san yadda kuɗin maganin feshi ya tashi, har mai ƙaramin ƙarfi ya koma zaɓa tsakanin taki da magani. To, bana ko kwalba ɗaya ban saya ba. Ganyen darbejiya na sa yara suka ɗebo, aka daka, aka jiƙa a randa ya kwana, aka tace da tsumma mai tsabta, na riƙa fesa wa wakena duk bayan kwana bakwai tun daga fara fure har ya nuna. Da aka yi roro aka cashe, buhu biyar na samu a gonar da bara ta ba ni buhu uku da ƙyar. Shawarata ita ce kowa ya daina zubar da kuɗinsa a kan maganin kanti. Na gwada, kuma ya yi.

Hajiya mai hatsi a Gujungu:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara albarka, Alhaji. Don Allah a faɗa mana yawan ganyen da yawan ruwan, domin ƙanena yana da gonar wake a hanyar Jahun kuma ƙwari sun hana shi sakat.

Malamin gona:
Allah ya sa albarka a abin da aka samu, Alhaji. Kafin mutane su ɗauki shawarar, ina roƙon ka amsa mini tambayoyi kaɗan, kuma ba don ina shakkar maganarka ba ne. Shin duk gonar ka fesa, ko akwai ɓangaren da ka bari? Irin da ka shuka bana shi ne na bara? Kuma lokacin shukar da yanayin ruwan sama sun yi daidai da na bara?

Manomi daga Taura:
Malam, duk gonar na fesa, domin ban ga dalilin da zai sa in bar wa ƙwari rabonsu ba. Iri kuwa gaskiya na canza, wani aminina ne ya ba ni wani mai saurin nuna. Ruwa kuma kowa ya sani bana ya fi bara zama, domin bara an yi mana tsaiko lokacin da waken yake fure. Amma duk da haka ni na san ganyen ne ya yi aiki, domin na fi shekara talatin ina noma wannan gonar, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Malamin kimiyya a Ringim:
Alhaji, ranka ya daɗe, amsar da ka bayar da gaskiya ita ce ta fito da gundarin maganar. Tsakanin bara da bana abu uku suka canza a gonarka: iri, ruwan sama, da feshin darbejiya. Amfanin ya ƙaru da buhu biyu, wannan kuwa ba mai musu. Abin da ba mu sani ba shi ne wanne daga cikin ukun ya kawo ƙarin, ko kuma kowanne nawa ya kawo. Zai yiwu ganyen ne kaɗai. Zai yiwu sabon irin ne ya nuna kafin ƙwari su yi yawa. Zai yiwu kuma da ka shuka tsohon irinka ba tare da feshin komai ba, zaman ruwan kawai ya ba ka buhu huɗu, faɗuwa ta zo daidai da zama. Buhu biyar ɗin ba za su iya rarrabe mana waɗannan ba, ko da mun shekara muna kallonsu.

Wannan shi ne abin da nake koya wa ɗalibaina da sunan hanyar binciken kimiyya, kuma kullum ina nuna musu cewa ba ta da wani sirri. Mutum ya lura da wani abu, ya yi tambaya a kansa, ya kawo zato, sannan ya shirya gwajin da zai iya gaskata zaton ko ya ƙaryata shi. Matakai uku na farko ka riga ka yi su, Alhaji, kuma ka yi su da kyau. Na huɗun ne ya rage, kuma ƙashin bayansa shi ne kwatance: abu biyu da suka yi daidai ta kowace fuska, sai abu ɗaya tak da ka bambanta su da shi da gangan.

Bari in kawo misali daga tarihi. A da, matuƙan jiragen ruwa da suke yin watanni a teku suna kamuwa da wata cuta mai sa dasashi ya kumbura ya riƙa jini, haƙora su yi girgiɗi, jiki ya mutu. Kowane likita yana da nasa maganin, kuma kowanne yana cewa ya gwada ya yi. A shekarar 1747 wani likitan sojan ruwan Ingila mai suna James Lind ya ware majinyata 12 a cikin jirgi ɗaya, ya kwantar da su wuri ɗaya, abincinsu iri ɗaya, ya raba su biyu-biyu zuwa kashi shida. Wasu ya ba su ruwan tsami, wasu ruwan teku, wasu wani haɗin, biyu kuma ya riƙa ba su lemon zaƙi da lemon tsami. Cikin kwana shida waɗanda suka sha lemon suka farfaɗo, har ɗayansu ya koma bakin aiki, sauran kuwa ba su samu sauƙi irin nasu ba. Da a ce duka goma sha biyun ya ba su lemo da ruwan tsami a haɗe, da sun warke, amma da ba a san wanne ya warkar da su ba.

Dattijo daga Ɓaɓura:
Ni dai ina karanta maganganunku, kuma akwai abin da yake damuna. Duk lokacin da manomi ya faɗi abin da ya sani, sai 'yan boko su taso masa da tambayoyi kamar wanda ake tuhuma. Iyayenmu da kakanninmu ba su riƙe alƙalami ba, amma sun san lokacin shuka, sun san gero da wake suna zama gona ɗaya lafiya, sun san a zuba toka a rumbu, sun ciyar da garuruwa. Wane gwaji suka jira? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Malamin gona:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka tana kan hanya kuma ban zo in rage darajar magabata ba. Ni a ganina su ma masu gwaji ne, sai dai gwajinsu ya ɗauki ɗaruruwan shekaru. Manomin da ya samu baƙon iri ba ya cika gonarsa da shi a shekarar farko, sai ya shuka kunya biyu ko uku a gefe ya ga yadda zai yi kusa da nasa na gida. Wannan kwatance ne tsantsa. Kuma akwai lokacin da ma'aikatan gona suka riƙa matsa wa manoma su daina haɗa amfani iri-iri a gona ɗaya, suna ganin rashin wayewa ne. Da masu binciken noma na Samaru a Zariya suka shiga ƙauyuka a shekarun 1960 da 1970 suka zauna da manoma suna auna abin da ake kashewa da abin da ake samu, sai awon ya nuna manoman suna da hujja, domin haɗin yana rage haɗarin tashi a tutar babu idan damina ta ƙi. Ka ga hanyar da muke magana a kai ita ce ta wanke manomi, ta gyara ɗan boko.

Abin da ya canza, Baba, shi ne zamani ya yi sauri. Tsutsar da ta cinye tumatir a Kano da Jigawa da Kaduna a 2016 baƙuwa ce, haka ma tsutsar masara da ta bayyana a ƙasar nan a waccan shekarar. Kakanninmu ba su bar mana ilimi a kansu ba domin ba su san su ba, kuma ba mu da shekara ɗari da za mu jira. Gwaji mai tsari hanya ce ta samun amsa cikin damina biyu ko uku.

Malamin Islamiyya daga Kiyawa:
Ina so in sa baki daga ɓangaren da na fi sani. Tambayar mai labari ba cin fuska ba ce a al'adar karatunmu. Malaman hadisi ba su karɓi magana don kawai mai faɗarta mutumin kirki ne ba. Sun tambayi daga wa ya ji, shin sun yi zamani ɗaya, yaya ƙarfin haddarsa yake, shin wani ya ruwaito irinta ta wata hanyar. Sau da yawa sukan ce wane mai gaskiya ne amma yana da ruɗewa, kuma wannan bai taɓa mutuncinsa ba. Haka nake kallon tambayoyin da aka yi wa Alhaji.

Sannan akwai hadisin barbarar dabino da ya zo a Sahihu Muslim, inda mutanen Madina suka bar barbarar da suka saba yi, dabinon bai yi kyau ba a wannan shekarar, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna musu cewa su ne suka fi sanin al'amarin duniyarsu. Masu dabino a Dutse har yau da hannu suke wannan aikin. Abin da na fahimta shi ne sha'anin gona an bar shi ga lura da jarrabawa.

Kuma kada wani ya ɗauka wannan hanya ta Turawa ce kaɗai. Hasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tarar da masana da yawa suna cewa haske daga ido yake fita ya je ya taɓa abin da ake kallo. Shi ya tafi a kan cewa daga abin ne haske yake tasowa ya shiga ido, kuma ya bi maganganunsa da gwaji. Cikin gwaje-gwajensa akwai na ɗaki mai duhu da ƙaramar kafa, da fitilu a waje. Kowace fitila tana jefa ɗigon haskenta a bangon ciki, idan ya rufe fitila ɗaya sai ɗigonta kaɗai ya ɓace, idan ya buɗe ya dawo. Fitila ɗaya yake taɓawa a lokaci guda, kamar dai yadda malamin kimiyya ya bayyana.

Dattijo daga Ɓaɓura:
Allah gafarta Malam, na ji wannan kuma ya shige ni. Idan dai tambaya ce ta neman sani, ba ta raini ba, ba ni da ja.

Ma'aikaciyar lafiya a Jahun:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Abin da kuke tattaunawa a kan gona shi muke fama da shi kullum a wurin aiki, shi ya sa na kasa yin shiru. Mutum zai yi mura ko zazzaɓi mai sauƙi, ya sha wani jiƙo a rana ta uku, ya warke a rana ta biyar, daga nan ba mai raba shi da wannan jiƙon. Alhali cututtuka da yawa jiki ne yake kawar da su da kansa, kuma mutum ya fi neman magani a ranar da ciwo ya fi tsanani, wato dab da lokacin da dama zai fara sauƙi. Wani abin kuma, wanda ya sha ya warke shi ne yake yawo yana ba da labari. Wanda ya sha bai warke ba yakan yi shiru, ko a ce kwanansa ne ya ƙare, don haka kunnenmu rabin labarin kawai yake ji.

Har gobe akwai masu ce mini sabuwar masara ko ɗanyar gyaɗa ce take kawo zazzaɓi, domin lokacinsu ne yara suke kwanciya. Lurarsu daidai ce, lokacin ɗaya ne. Sai dai ruwan da ya nunar da masarar shi ne ya cika kududdufai sauro ya hayayyafa. Turawa ma sun daɗe suna ɗora laifin a kan mummunar iskar fadama, sunan da suke kiran cutar da shi ma, wato maleriya, daga nan ya samo asali. Sai a 1880 wani likitan Faransa mai suna Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin majinyaci a Aljeriya, sannan a 1897 Ronald Ross ya gan ta a cikin cikin sauro a Indiya. Abu biyu su riƙa zuwa tare ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan, wani lokaci akwai na uku a bayansu da ya kawo su duka. Shi ya sa muke dagewa a ɗiga jini a gwada kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro.

Manomi daga Taura:
Na saurari kowa, kuma na gode. Ba zan ɓoye ba, da farko raina ya sosu. Yanzu na gane inda aka dosa, amma ina da tambaya mai nauyi. Ku masu albashi kuna cewa a bar wani ɓangare ba feshi domin kwatance. Idan ƙwari suka cinye wannan ɓangaren, wa zai biya ni? Gonar nan da ita nake ciyar da mutum goma sha ɗaya. Gonar gwamnati tana iya asarar rabin amfaninta a rubuta a takarda, tawa ba za ta iya ba.

Malamin gona:
Wannan tambaya ce ta gaskiya, Alhaji, kuma duk wanda ya ce ka sadaukar da rabin gonarka bai san noma ba. Abin da ake buƙata kaɗan ne. A tsakiyar gonar za mu yanki ƙananan filaye goma sha biyu, kowanne kunya biyar mai tsawon taku goma. Huɗu za a fesa musu ruwan darbejiya, huɗu maganin kanti da ka saba, huɗu kuma ruwa zalla. Sauran gonar ka yi mata duk abin da ranka ya kwanta da shi. Ko da filayen ruwa zallan sun lalace gaba ɗaya, asarar ba za ta wuce 'yan kwanuka ba, shawarar da ka bayar kuwa mutane da yawa za su iya ɗora gonakinsu sukutum a kanta.

Iri ɗaya za a shuka, rana ɗaya, noma da maimai lokaci ɗaya. A bar tazara tsakanin filayen, kuma a yi feshi lokacin da iska ta kwanta, domin kada maganin wannan ya sauka a kan wancan. Wajen roro, kunyoyi uku na tsakiya kaɗai za a auna, a bar na gefe. Haka ake yi a gonakin gwaji irin na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Minjibir da na Kadawa, bambancin kawai su nasu ya fi yawa.

Zan ƙara da abin da na sani game da itacen kansa, wanda mutanen Haɗeja suke kira maina, wasu kuma dogon yaro. Bincike ya tabbatar yana ɗauke da sinadarin da yake hana ƙwari cin ganye da kuma girma, saboda haka zaton Alhaji yana da tushe. Sinadarin ya fi yawa a ƙwallon 'ya'yan fiye da ganye, kuma rana tana saurin kashe ƙarfinsa, shi ya sa feshin yamma ya fi. Abin da ya rage a gano shi ne ko jiƙon ganye irin wanda Alhaji ya haɗa yana da ƙarfin da zai tare tsutsar da take huda fure da kwanson wake, kuma ko ya kai a ajiye maganin kanti dominsa.

Hajiya mai hatsi a Gujungu:
Malam, me ya sa sai an fesa ruwa zalla? Ai barin filin haka nan ya fi sauƙi.

Malamin gona:
Hajiya, domin mai feshi yana shiga tsakanin kunyoyi, yana girgiza ganye, ruwan kansa yana iya kakkaɓe wasu ƙananan ƙwari. Idan aka fesa wa ɗayan ruwa zalla, duk wannan ya zama ɗaya a filayen, darbejiyar kaɗai ta rage a matsayin bambanci.

Ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutse:
Iyayena, ina neman izini in ƙara abu ɗaya da muka karanta a wannan zangon. Wajen zaɓar filin da zai samu kowane feshi, bai kamata Alhaji ko malamin gona su zaɓa da kansu ba. Gona ɗaya ba ƙasa ɗaya ba ce. Akwai inda shanu suka kwana, akwai gindin gawo, akwai jigawa, akwai inda ruwa yake kwanciya. Mutumin da yake son darbejiya ta yi nasara zai iya ba ta wuri mai kyau ba tare da ya yi niyyar ha'inci ba, zuciya ce kawai take karkata. Maganin wannan shi ne ƙuri'a. A raba wurin gida huɗu, kowane gida fili uku da suke maƙwabtaka, a rubuta feshi ukun a 'yan takardu, a sa yaro ya zaro wa kowane fili tasa.

Wanda ya tsara wannan hanya shi ne Ronald Fisher, masanin lissafi da ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919. A wannan tashar akwai gonar alkama da ake gwajin taki a cikinta tun 1843, kuma akwai yankin da aka bari ba taki tun daga lokacin domin a riƙa kwatanta sauran da shi. Dalilin maimaita kowane feshi sau huɗu kuwa shi ne ko filaye biyu da aka yi wa abu ɗaya ba za su ba da awo ɗaya ba. Sai mun ga girman wannan saɓanin na yau da kullum sannan za mu san ko bambancin darbejiya da ruwa ya wuce abin da sa'a kawai za ta iya kawowa.

Hajiya mai hatsi a Gujungu:
Yaron nan ya tuna mini da abin da ya faru da ni. Lokacin da buhun PICS ya shigo, wanda yake da leda biyu a ciki da buhu a waje, ban yarda da shi ba, domin ban ga yadda buhu ba magani zai kashe ƙwaro ba. Sai na raba wake ɗaya gida biyu, rabi a cikinsa, rabi a buhun da na saba, na ajiye su ɗaki ɗaya. Bayan wata huɗu na buɗe su rana ɗaya, na ɗebi ƙwaya ɗari daga kowanne na ƙirga masu huda. Na buhu mai leda kusan duk lafiya, ɗayan kuwa ya fara zama gari. Daga baya aka bayyana mini cewa iska ce take ƙare wa ƙwarin a ciki, kuma masu binciken Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka tsara shi. Ashe abin da na yi yana da suna a makaranta. Amma ina da gyara ga malamin gona: kada a auna da kwano. Ni sana'ata ce, na san kwano yana bin hannun mai awo, wani ya tula wani ya shafe. A nemo sikeli, kuma a bari waken ya bushe daidai, domin ɗanyen wake ya fi nauyi.

Malamin gona:
Gyaran ya karɓu, Hajiya, kuma ya fi abin da na faɗa. Zan ƙara da cewa mai ɗora wa sikeli kada ya san buhun wane fili ne, a sa wa buhunan lamba kawai.

Dattijo daga Ɓaɓura:
Saura tambaya ɗaya. Masu binciken nan yau su ce kaza, gobe su ce ba haka ba. Maganin feshin da aka taɓa kawo mana da yabo, daga baya an ce guba ne an hana. Wanda yake canza magana, ta yaya za a dogara da shi?

Malamin kimiyya a Ringim:
Baba, wannan ƙorafi ne da ya kamata masu bincike su saurara da kunnen basira, domin sau da yawa ana isar da sakamako ga jama'a da tabbacin da ya wuce ƙarfin hujjarsa, kuma wani lokaci mai sayar da kaya ne yake magana da bakin mai bincike. Amma canza magana idan sabuwar hujja ta bayyana yana cikin tsarin tun asali. Shekaru da yawa likitoci sun tafi a kan cewa damuwa da yawan tsamin ciki su ne tushen gyambon ciki, kuma ƙwayar cuta ba za ta rayu a tumbi ba. Likitoci biyu a Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka ce sun ga ƙwayar kuma ita ce take haddasa yawancin gyambon. Ba a yarda da su ba, har Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984 ya kamu da kumburin tumbi. Abin da ya sa aka sallama daga baya shi ne wasu likitoci a wasu ƙasashe sun maimaita binciken, sun ba majinyata maganin kashe ƙwayar, sun ga gyambon ya daina dawowa. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Da an ce maganar manya ba ta canzuwa, da har yau ana fama.

Saboda wannan nake roƙon Alhaji abu guda kafin a shuka ko ƙwaya ɗaya. A rubuta a nan zauren, kowa yana gani, wane sakamako ne zai sa mu ce darbejiya ta yi aiki, wane ne kuma zai sa mu ce ba ta yi ba. Idan ba a rubuta tun farko ba, duk abin da ya fito za mu samo masa fassara: in ta yi mu ce mun faɗa, in ba ta yi ba mu ce ganyen bai jiƙu sosai ba. Zaton da babu wani sakamako da zai iya kayar da shi ba a gwada shi ba ke nan. Kuma mu yi alkawari za a sanar da abin da ya fito ko da bai yi mana daɗi ba, saboda dalilin da malamar lafiya ta faɗa.

Ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutse:
Malam, ina ganin ko an yi duk wannan, damina ɗaya a gona ɗaya ba ta isa a ba jama'a shawara ba. Akwai shekarar da ƙwari ba su da yawa, a irin wannan shekara duka filayen za su yi kyau, mu ɗauka babu bambanci.

Malamin kimiyya a Ringim:
Gaskiyarka. Abin da za mu iya cewa bayan kaka shi ne ga abin da ya faru a gonar Alhaji a wannan damina, da wannan iri, da wannan haɗin. Idan mutum uku ko huɗu a garuruwa daban suka yi irinsa, maganar ta ƙara nauyi, idan aka sake a damina ta biyu ta ƙara.

Manomi daga Taura:
To, na yarda, kuma na janye shawarar da na bayar cewa kowa ya daina sayen magani, har sai mun ga abin da sikeli zai ce. Har yanzu zuciyata tana gaya mini ganyen yana aiki, kuma ina so a rubuta cewa zatona ke nan. Ga sharaɗina: idan filayen darbejiya ba su fi na ruwa zalla ba a gida uku cikin huɗun, na yarda ban yi daidai ba. Idan sun fi na ruwa amma ba su kai na maganin kanti ba, sai mu zauna mu yi lissafin kuɗin magani da kuɗin waken da aka rasa, domin mai ƙaramin ƙarfi wannan lissafin ne ya dame shi. Hajiya, ki gaya wa ƙanenki idan yana so ya yi nasa a Jahun, zan auna ganyen da ruwan a wannan karon in turo adadin, domin bana da ka na haɗa. Malamin gona, gonar tawa ta gangara ta gabas inda ruwa yake ɗan kwanciya, shin gidajen huɗu za su bi gangaren ne ko za su gicciye shi?

Malamin gona:
Kowane gida zai gicciye gangaren, Alhaji, yadda filayensa uku za su kasance a tsayi ɗaya, gida na farko a sama, na huɗu a ƙasa kusa da inda ruwan yake kwanciya. Zan zo da igiya da turaku ranar Asabar bayan kasuwa mu auna wurin tun kafin ruwa ya sauka. Hajiya, idan sikelinki yana auna ƙasa da kilo ɗaya, shi za mu ara a lokacin roro.

Hajiya mai hatsi a Gujungu:
Yana aunawa, Malam. Ku sanar da ni kwana biyu kafin ranar, zan ba direban da yake zuwa Taura ya kawo muku.